Bazazzagi, Filin Golf Ba Wurin Faskare Ba Ne

Bazazzagi, ina gaisuwa, irin gaisuwar da ubangida ke yi wa bawansa in ya ga ya ɗan murmure. Yaya Zariya, yaya surutu? Labarinka ya riga ƙwallonka isowa Kano, don ita har yanzu ana can ana lalubenta a cikin ciyawa.

Tun da ka ajiye aiki ka sayi hula mai baki da safar hannu ƙwaya ɗaya ka ce kai ɗan golf ne, arzikin yaran da ke zagaye da filin ya farfaɗo. Ka buga, ƙwallo ta tsallake iyaka, yaro ya tsinta, ya goge ta da bakin riga, ya zagayo ta ƙofa ya sayar maka. Ka biya, ka ɗora ta a kan tsinke, ka mayar masa da ita da hannunka. Ni Bakano ne, ban taɓa ƙin ciniki ba, kuma ban taɓa ganin sana'a mai albarka irin wannan ba: haja ɗaya, mai saye ɗaya, ba kuɗin mota, ba na dako. Da don ta yaran ne da na ja bakina na yi shiru. Amma haƙƙin wasan da ke tsakaninmu ya sa dole in yi maka hannunka mai sanda, tunda sandar da ke hannunka ta gagare ka.

Na san abin da za ka ce, don bakin Bazazzagi ba ya mutuwa: me Bakano ya sani ban da ƙirga kuɗi? To ai nan ka faɗo. Golf wasan ƙirga ne, kuma wasa ne da wanda ya kashe kaɗan yake cinyewa. Mutanen Sikotlan da suka raine shi, duk Turai an san su da tsimi. Ramuka 22 ake zagayawa a tsohon filin St Andrews, a 1764 suka duba suka ga wasu sun yi gajarta, suka haɗe su, zagaye ya koma 18, duniya kuma ta bi su a haka har yau. Ka ga mutanen da ko rami ba sa bari ya tafi a banza. Kai kuwa almubazzaranci ka shigo da shi: kana ɓarnar ƙarfi, kana ɓarnar ƙwallo, kana ɓarnar kuɗi, uwa-uba ɓarnar magana. Kuma duk ɓarnar daga bugun farko na kowane rami take farawa.

Bari in faɗi yadda abin yake, don kada masu karatu su ce sharrin Bakano ne. Za ka hau dandalin bugu kana gyaran murya. Ka tsuguna ka tsinko ciyawa ka watsa sama wai kana duba iska, alhali ko ganye ba ya motsi. Ka soka tsinke, ka ɗora ƙwallo, ka ja da baya ka kanne ido ɗaya kana saiti. Ka kaɗa sanda a iska don gwaji, kuma tsakani da Allah kaɗawar gwajin nan ba laifi, har mutum ya ce yau za a ga abu. Sannan ka matso. Nan jikinka yake sandarewa: jijiyoyin hannu su miƙe, kafaɗu su hau kunne, ka ciji leɓe, ka ɗauke numfashi. Dokokin wasa na 2019 sun ba da shawarar kada mutum ya wuce daƙiƙa 40 kafin ya buga. Kai a daƙiƙa 40 ko bisimilla ba ka kai ba. Can sai mu ji ƙara. Ƙwallo ta tashi ta ɗan nufi hagu, har ka fara murmushi, sai ta sake shawara a sama, ta karya kwana ta yi dama, ta yi ta yin dama. Ka saita Kano, ta sauka Pambeguwa. Kai kuma ga ka nan a kan ƙafar baya kana tangaɗi, kana karkata jiki hagu ko za ta ji tausayinka ta dawo.

Daga nan sai a buɗe kotu. Iska ce. Yaron jaka ne ya motsa. Wani ne ya yi tari. Ranar nan har cewa ka yi ƙwallon ce jabu, kai da ka saye ta sau biyu a wurin yaro ɗaya.

Bazazzagi, ƙwallo ba ta da ra'ayi a kanka. Abu biyu kawai take saurare: inda fuskar sanda ke kallo lokacin da suka haɗu, da hanyar da kan sandar ya biyo. Na'urorin da ke auna bugu, irin su TrackMan, sun nuna cewa in da babbar sanda ce, wadda ake kira direba, kusan kashi 85 cikin 100 na inda ƙwallo za ta fara dosa fuskar ce ke yanke shi. Lanƙwasar da take yi a sama kuwa daga saɓanin fuska da hanya take zuwa. Kan sandarka yana shigowa daga waje ya yanko ciki, wato hagu ya nufa, fuskar kuma a buɗe take, tana kallon dama da wannan hanya. Sai ta shafi ƙwallon a gicciye ta ba ta juyi, juyin nan ya yi ta janta dama har inda ƙarfinta ya ƙare. Haɗuwar tasu duka-duka kusan rabin kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa ce. Duk Turancin da ka tara a Samaru ba zai sami wurin shiga a wannan tsakani ba.

Da ka ga tana yin dama, sai wayon Zage-zagi ya motsa: ka juya ƙafafu da kafaɗu ka fuskanci hagu, wai ka ba ta fili. Abin da ba ka lura ba, duk lokacin da ka buɗe kafaɗa hagu, ƙara yankan gicciyen kake yi. Kana ƙara juyawa hagu, tana ƙara nisa dama. In aka ƙyale ka, nan da baɗi za ka ba rami baya gaba ɗaya. Je wurin atisaye, ka shimfiɗa sanda ɗaya a gaban yatsun ƙafarka, wata a gefen ƙwallo, su tafi a jere su nufi inda kake so. Ƙafa da ƙugu da kafaɗa duk su bi layin nan. A cikin wasa doka ta hana shimfiɗa sanda don saiti, saboda haka sai ka tsaya a bayan ƙwallo ka zaɓi wani ɗan tabo ko busasshen ganye taku ɗaya a gabanta, ka saita fuskar sanda da shi, sannan ka gyara tsayuwa.

Amma asalin cutar a hannunka take. Kana damƙe mariƙin a tsakiyar tafin hannun hagu, hannun ya kwanta ta ƙasa, in ka duba ƙullin yatsa ɗaya kawai kake gani, wani lokaci ko ɗayan babu. Mai irin wannan riƙo ko ya kwana yana addu'a fuskar sandarsa a buɗe za ta iso. Sa mariƙin ya kwanta a gindin yatsu. Murɗa hannun hagu kaɗan zuwa dama har ka ga ƙullin yatsu 2 ko 3. Tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuni, ta hannuwan biyu, ta nufi kafaɗarka ta dama. Zai yi maka banbaraƙwai na ɗan lokaci, zuciyarka ta yi ta raya maka ka koma gidan jiya. Kada ka koma. Sannan ka sassauta. Hannun da ya ƙage ba ya barin kan sanda ya juyo ya rufe da kansa, kuma gudu ma rage shi yake yi. Abin mamaki, mutumin da kuɗi ba sa kwana a hannunsa shi ne ke shaƙe sanda har yatsunsa su yi fari.

Na kuma ga littafin Ben Hogan na 1957 a kujerar bayan motarka, har ka bi shi da jan biro. Ban yi mamaki ba, Bazazzagi ko shayi zai haɗa sai ya nemi littafi. Hogan gwani ne, manyan gasa 9 ya ci. Amma cutarsa kishiyar taka ce. Tasa ƙwallon hagu take lanƙwasawa, ya yi shekaru yana fama da ita, riƙon da ya zauna a kai riƙon mai gudun hagu ne. Kai da dama ta addaba ka je ka kwafe shi baƙi da wasali. Ka shanye maganin wani, kana mamakin ciwo ya ƙaru.

Sai kuma faskaren. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mai faskare a ƙofar gidan biki ya ga bugunka: a ɗaga gatari sama da kai, a sauko da shi da kafaɗa, a yi nishi, a tsaga. Itace yana son haka. Direba ba ta so. Ita sharar ƙwallo take yi daga kan tsinke: kan sanda ya gama sauka, ya fara hawa, sannan ya same ta. Shi ya sa ake ɗora ƙwallon a gaba, daidai da cikin diddigen ƙafar hagu, ba a tsakiyar ƙafafu inda kake ajiye taka ba. Buɗe ƙafafu su ɗan fi faɗin kafaɗa. Bar kafaɗar dama ta ɗan sauka ƙasa da ta hagu, ai hannun daman ne a ƙasa a kan mariƙi, jiki da kansa yake neman hakan. Kanka ya tsaya a bayan ƙwallo, ya zauna a nan har sanda ta bugi ƙwallon.

In za ka ja sanda baya, da ƙirji ake ja, ba da damtse ba. Juya har bayanka ya kalli inda kake son ƙwallo ta je, gwargwadon abin da ƙugun ɗan fansho zai yarda. In diddigen hagu ya ɗan ɗaga ba zunubi ba ne, Jack Nicklaus yana ɗaga nasa, kuma manyan gasa 18 ya tara. Wurin saukowa ne kake tafka ta'asar. Kafaɗar damarka ce take fara zabura, ta jefa sanda waje, daga nan kuwa ba sauran hanya sai yankan gicciye. Daga ƙasa ake farawa: nauyi ya koma ƙafar hagu, ƙugu ya fara juyawa, hannuwa su faɗo kusa da jiki, kafaɗa ta zo a ƙarshe. Ga gwaji mai arha, irin wanda Bakano ke so. Ajiye robar ruwa marar komai a wajen ƙwallo, kamar faɗin tafin hannu daga gare ta, ka ɗan ja ta baya. Buga ƙwallo ba tare da ka taɓa robar ba. Ranar farko na san robar za ta fi ƙwallon nisa. Ka daure. Ranar da ka daina dukanta, sandarka ta koyi shigowa ta ciki.

Kuma ka gama bugu a tsaye. Nauyi a ƙafar hagu, cibiya tana kallon inda ka nufa, ƙafar dama a kan yatsu, ka tsaya a haka har ƙwallo ta sauka. In ba ka iya tsayawa ba, ƙarfin da ka sa ya fi wanda kake da shi. Rage. Ja baya a natse, kusan ninki uku na lokacin saukowa. Kai kuwa fizgar baya kake yi har ta fi saukowar sauri.

Kawo direbarka mu duba samanta. Waɗannan fararen tabo da suka yi mata zane a ka, ba masana'anta ce ta yi su ba. Shaidar ranakun da ka saro ƙasa ne, kan sanda ya shige ƙarƙashin ƙwallo, ta tashi sama tsaye har muka ɗaga kai huluna suka faɗi, ta dawo ta sauka inda mutum zai iya jefa ta da hannu. Da ka ga haka sai ka danne tsinke ƙasa, sai kuma ka koma aske mata kai tana gangarawa a ƙasa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: in ka ajiye kan sanda a ƙasa a bayan ƙwallo, rabin ƙwallon ya leƙo sama da shi. Ka sami tsayin nan, ka ja layi da biro a jikin tsinkenka, kullum ka soka shi zuwa layin. Doka ta ce tsawonsa kada ya wuce inci 4. Ka kuma daina bin dandali kana tsintar karyayyun tsinkayen mutane, wannan gajere wancan dogo, sannan ka juyo ka ce Kanawa ne marowata. Mu tsimi muke yi inda tsimi ke da riba. Ka ma gode wa Allah da zamanin da ka zo. Mutanen da, jiƙaƙƙen yashi suke tarawa da yatsu su ɗora ƙwallo a kai, har wani likitan haƙori baƙar fata a Boston ta Amurka, George Grant, ya yi rajistar tsinken katako a 1899. Da a zamanin yashi ka zo, da ka haƙa rijiya a kowane dandali.

Akwai kuma tambayar da ba ka taɓa yi wa kanka ba: a ina ƙwallo take taɓa fuskar sandar? Shafa mata hoda ko alli a wurin atisaye, ka buga goma, ka duba. Na ci amana in ba a gindi za ka ga tabon ba, can kusa da ƙota. Bugun gindi da kansa yana ƙara tura ƙwallo dama, yana kuma cinye nisa, ko da komai naka daidai ne. Mafi yawan direbobin kanti sun haura inci 45, ƙwararru da yawa kuwa rage tsawon tasu suke yi don su riƙa samun tsakiya. Kai da ba ka da tsawo, sauko da hannunka inci ɗaya a kan mariƙi. Ba wanda zai rage maka girma a Zariya saboda inci ɗaya.

Maimakon haka, me ka yi? Ka sayi sabuwar direba. Wannan ita ce ta nawa? Kowace ka ce ita ce ƙarshen wahala, kowace kuma hanyar Pambeguwa ta sani. Doka ta tsayar da girman kan direba a cc 460, saboda haka daina jiran ranar da za a ƙero mai faɗin da ba za ka kuskure ba. Kuma ko wajen sayen ba ka iya ba. Ka ɗauko mai fuska a tsaye, digiri 9, mai ƙota mai tauri, don ka ga irinta a hannun ƙwararru a talabijin. Su kan sandarsu yana gudun kusan mil 115 a awa. Matsakaicin ɗan wasan sha'awa mil 90 da 'yan kai yake yi, kai kuma Allah ya sa ka kai nan. Rory McIlroy a kakar 2023 matsakaicin bugunsa yadi 326 ne. Kai in ka sami yadi 200 a tsakiyar fili ka yi sadaka. Mai gudunka digiri 10.5 ko 12 yake bukata, da ƙota mai ɗan laushi. Fuskar da ta fi kwanciya tana ɗaga ƙwallo, tana kuma rage mata lanƙwasa. Duba gindin kan direbar da ke jakarka, akwai ɗan kusa da ake kwancewa a ƙara mata digiri. Makullinsa yana cikin aljihun jakar tun ranar da ka saye ta. Amma in ka fi son ka ci gaba da saye, gaya mini, ni zan riƙa shigo maka da su, in kuma saye tsofaffin a rabin kuɗi.

Wani abin da girman kai ya hana ka gani: ba dole ne a buga da direba ba. Sanduna 14 doka ta yarda ka ɗauka, yaron jaka yana ta dakonsu a rana, kai guda ɗaya ka sani. A watan Yulin 2006, a filin Hoylake kusa da Liverpool, zafi ya ƙona ciyawa, ƙasa ta bushe ƙwallo tana gudu a kanta. Tiger Woods, wanda a lokacin ba wanda ya kai shi, sau ɗaya tak ya zaro direba a cikin ramuka 72. Sauran duk da ƙananan sanduna ya yi ta ajiye ƙwallo inda yake so, ya kauce wa ramukan yashi, ya ɗauki kofin Open da bugu 18 ƙasa da ƙa'ida. Wata guda kafin nan, a gasar US Open a Winged Foot, Phil Mickelson ya iso ramin ƙarshe, bugu 4 kawai yake nema ya ɗauki kofi. Ya zaro direba, ƙwallo ta je ta bugi rumfar manyan baƙi, ya ƙare da 6, Geoff Ogilvy ya tafi da kofin. A cikin mutanen nan biyu ka san wane ne Bakano, wane ne Bazazzagi. Kuma busasshiyar ƙasar da Tiger ya samu sau ɗaya, kai kowane hunturu da rani a kanta kake wasa. Ƙwallon da ta sauka a tsakiya za ta yi ta gangarawa kyauta. Wadda ta sauka a karkace ita ma za ta gangara, amma cikin ƙaya. A ramin da ya matse, zaro sanda mai lamba 3 ko ta ƙarfe, ka rasa yadi 20, ka tsira da ƙwallonka.

Kafin gyaran nan ya kama jikinka, yi amfani da dandalin kansa. Tunda taka dama take yi, soka tsinke a gefen dama na dandali ka nufi gefen hagu na fili, sai faɗin filin duka ya zama naka. Wannan dabarar zaman jira ce, ba ita ce maganin ba, kada ka je ka ce na ce ka koma buɗe kafaɗa. Kana da izinin ja da baya har tsawon sanda 2 daga alamomi, saboda haka nemi inda ƙasa ta daidaita. Baya na ce. Satar takun nan da kake yi gaba da alama in ka ga mun juya, a wasan ƙirga bugu 2 ne tararsa, kuma sai ka sake bugawa. Sannan ka bar dandalin can na ƙurya ga samari, ka matso na gaba inda sa'o'inka suke. Furfura ba ta ƙara yadi.

Yanzu mu zo ga lissafi, inda Bakano ba ya wasa ko da abokin wasa. In ƙwallonka ta wuce fararen turakun iyaka, ko ta ɓata, bugun da ka yi yana nan, ga tarar bugu ɗaya, ka dawo inda ka buga. Wato ƙwallon da ka sake ɗorawa a kan tsinke bugu na 3 ce. Ba na 2 ba, balle na 1 da kake rubutawa kana cewa ta farkon ɗumama jiki ce. Afuwar nan da kuke yi wa juna a ramin farko ba ta cikin littafin doka, ko a shafi ɗaya. In kana zargin ta ɓata, faɗa da baki cewa za ka buga ta wucin gadi, ka buga, mu wuce; in ba ka faɗa ba, sabuwar ta zama ita ce ƙwallonka, ko da an ga tsohuwar a fili. Nema kuma minti 3 ne tun 2019, da can 5 ne. Kai kana shiga daji da yara huɗu sai an yi kiran salla. Sai batun ranar da ka kawo sara da dukkan ƙarfinka ka wuce ta sama, ƙwallo tana zaune a kan tsinke ko gezau, ka waiwayo ka ce gwaji kake yi. Wanda ya yi gwaji ba ya cije leɓe, Bazazzagi. Ka yi niyyar bugu, bugu ne, a rubuta. Inda doka ta tausaya maka ɗaya ne: in kana gyara tsayuwa ka taɓa ta ta faɗo daga tsinke, mayar da ita, ba tara.

Don kada ka ce ban san zumunci ba, ga abin da za ka riƙa faɗa wa mutane. Ian Baker-Finch na Ostireliya, zakaran Open na 1991, ya tsaya a ramin farko na St Andrews a 1995, inda faɗin fili ya haura yadi 100, a gaban dubban jama'a, ya buga ta yi hagu ta fice daga iyaka. Su kansu ƙwararrun Amurka, a cikin bugun farko 10 kusan 6 ne kawai suke samun tsakiyar fili. Saboda haka ba wanda ya ce kullum sai ka daidaita. Abin da ake nema, in ka kuskure a ga ƙwallon, a iya buga ta gaba. Bambancinka da Baker-Finch shi ne, shi da kofi a gida.

Duk abin da na lissafa maka, kada ka kwaso shi gaba ɗaya ka hau dandali da shi ranar Asabar, don na san halinka, za ka tsaya kana bitar darasi har rana ta faɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wurin atisaye ake gyara, abu ɗaya a lokaci ɗaya, kuma riƙo za ka fara da shi, don in fuska ba ta rufe ba sauran duk wahalar banza ce. In ƙwallo ta fara yin hagu, kada ka tsorata, alamar riƙon ya kama ke nan, sai a koma kan robar ruwa. Kuɗin direba ɗaya zai biya maka darussa masu yawa a wurin kociyan filinku, mutumin da kullum kake wucewa kana ɗaga masa hannu kana koya masa abin da ka gani a YouTube. Ba yaron jakarka waya ya ɗauke ka bidiyo daga baya, ka zauna ka kalla kai kaɗai, ba sai iyali sun gani ba. In ka hau dandali kuma, tunani ɗaya ya ishe ka: gama bugu a tsaye.

Na ba ka daga nan zuwa watan cika-ciki. In ya kama, ka shigo Kano mu buga ramuka 18. Ƙwallo 3 kacal za ka shigo da su fili, in sun ƙare wasa ya ƙare. Ni zan riƙe fensir da katin lissafi. Ka taho da kuɗin sharata na bana da na bara da ka maƙale, a cikin ambulan daban, kada ka haɗa su da kuɗin darasin nan.